Bangon Da Ke Kallon Bariki

"Kafinta, bangon nan kaɗai za ka lulluɓe da kwano," in ji matar injiniyan sojoji. "Ta ciki. Kada ka bar ko 'yar kafa."

Na ɗauki guduma. Jiya-jiyan nan mijinta ya tsaya a taron unguwa, ya dafa ƙirji ya ce ƙaton faifan radar mai hango jiragen sama da ke juyawa a barikinsu ko sauro ba ya cutarwa. Ciwon kan yaranmu zafin rana ne, ɓarin da matanmu ke yi kuwa ƙaddara ce. Har tafi na yi masa. Na koma gida na ce wa matata, da tsohon cikinta, ta daina tsoron banza.

"Ranki ya daɗe, kwano a cikin ɗaki? Yoyo yake yi?"

"Maigida ne ya ce. Nan za mu riƙa kwantar da jariri."

Na leƙa ta taga. Faifan na can yana juyawa a hankali, saitin bangon. Tsakaninmu da shi, ga rufin gidana. Ga matata a tsakar gida tana shanya.