Kabarin da Kawu Mervyn Ya Ɓoye

Kawu Mervyn kaɗai ya rage a garinmu da ya san inda aka binne mahaifiyarsa a filin tsohuwar mishan. Ba dutse, ba alama, kuma bai taɓa nuna wa kowa ba.

Yana da dalilinsa. Tun yana yaro yake jin yadda Turawa suka zo da shebur suka kwashe ƙasusuwan kakanninmu. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu.

Da aka ce ƙaramar hukuma za ta shimfiɗa bututun ruwa ta filin, dattawanmu suka aro rada, wata na'ura da ake turawa kamar injin yankan ciyawa. Tana nuna inda aka taɓa haƙa kabari ba tare da an motsa ko tsakuwa ba. Shanelle, 'yar ƙanwar Kawu, ita ta jagoranci aikin.

Ranar farawa aka turara hayaƙin ganye don tsarkake wurin. Kawu ya tsaya can nesa, ya harɗe hannu.

"Kawu, zo mana ka nuna mana inda za mu fara," in ji Shanelle.

"Wannan abin mai leƙen cikin ƙasa, wa yake kai wa rahoto?"

"Mu ne. A hannunmu komai zai tsaya, ba wanda zai tona."

"Yau a leƙa, gobe a tona. Ke dai kin je jami'a, sun wanke miki kai tas."

"Haba Kawu! Kakata ce fa."

Da ta matsa masa, sai ya nuna bakin kogi. "Can take. Nan gindin babban itacen nan na tsakiyar fili ba kowa, juji ne tun da."

Filin da faɗi, na'urar kuma ta aro ce, sai suka bi maganar dattijo. Suka gano wasu kaburbura a bakin kogin, suka kewaye su da shinge, suka shaida wa hukuma cewa gindin itacen ba komai.

Kawu ya koma gida yana murmushi, shi a dole ya yi wayo, don kuwa kabarin yana gindin itacen. Taron gari ba ya zuwa, balle ya ji ta ina bututun zai bi.

Yana can asibitin garin Dubbo ana duba masa ido motar haƙa ta shiga. Da ya dawo, ya tarar da rami a gindin itacen, 'yan sanda sun zagaye shi da igiya. Direban ya ga guntun bargo da ƙasusuwa, an kwashe su zuwa birni don bincike.

Tsohon ya durƙusa a bakin ramin yana kuka kamar yaro. Wallahi, duk haushinsa da muke ji, sai da ya ba mu tausayi.

Shanelle ta ce, "Kawu, ni ka ɓoye wa ita?"



Jama'a, tsoron baƙo da ya taɓa cutar ka ba laifi ba ne. Amma in zargi ya kai ka ɓoye wa naka gaskiya, da hannunka za ka miƙa abin da kake karewa.