Kilishin da Kiyashi Suka Tona

Tun da ka ce jirginka zai ya da zango a tsibiri, kana kuma neman yadda za ka yi kwana biyun nan aljihu bai ji jiki ba, zauna in ba ka misali.

An yi wani ɗan kasuwa mai sarin yadi, mutum mai tsimi, irin wanda sai ya yi shawara da zuciyarsa kafin ya ƙyasta ashana. Zai tafi sari wata ƙasa mai nisa, sai ya sami tikiti mai araha, amma sai jirgin ya ajiye shi kwana biyu a wani tsibiri a tsakiyar teku, inda bishiyar kwakwa ta fi mutane yawa. Da ya ji tsadar masauki a can, sai ya shiga cigiya, har ya gano wani tela ɗan garinsu da ya shekara goma sha biyu a tsibirin. Ya kira shi a waya. Tela ya yi murna, ya ce ɗaki da abinci duk nasa ne, abu ɗaya kawai ya roƙa, a riƙo masa ɗan kilishi, don tun da ya bar gida bai sa shi a baki ba. Ɗan kasuwa ya sayi kilishi mai kyau, ya ƙulle a leda. A cikin jirgi zuciya ta raya masa cewa inda zai je abinci tsada gare shi, kilishin nan kuwa zai riƙe shi mako guda. Sai ya tura shi can gindin jaka. Da tela ya tare shi, ya ɓata fuska ya ce ai 'yan kwastan sun ƙwace. Tela ya ce, "Ba komai, ganinka ya fi mini kilishi." Ya kai shi gida, ya bar masa gadonsa, matarsa ta yi ta dafa masa kifi da shinkafa da ruwan kwakwa, baƙo yana ci har da neman ƙari.

Abin da bai sani ba, kilishi ɗan busasshiyar ƙasa ne. Iskar tsibiri kuwa a jiƙe take, ko riga ka shanya sai ta yini ba ta bushe ba. Kilishi ya yi gumi a cikin leda, ya saki ƙamshi. Ranar da baƙo zai tashi, da hantsi, tela ya kai shi bakin teku ya ga jiragen masunta. Matar gida ta shiga shara, ta ga kiyashi sun ja layi tun daga bakin ƙofa har cikin jakar baƙo. Don kada su ɓata masa kaya, ta fitar da jakar ta zazzage. Da suka dawo, ga kilishi shimfiɗe a kan tire a tsakar gida yana shan rana. Ɗan kasuwa ya tsaya, ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. Tela ya dubi tiren, ya haɗiyi yawu, bai dubi baƙonsa ba. Ya tsuguna ya kakkaɓe kiyashin da hannunsa, ya naɗe kilishin a takarda, ko ɗan yanki bai ɗauka ba, ya ƙara masa da soyayyen kifi. Ya ce, "A nan ba a ƙulle shi a leda, ka bar shi yana shan iska." Ya ɗaukar masa jakar har filin jirgi.

Kada ka tambaye ni yadda aka yi na san wannan labari. Shekara ashirin ke nan, har yau in na wuce mai kilishi sai in kawar da kai, kuma lambar telan tana nan a wayata, kunya ta hana ni kira. Nemi araha, ba laifi ba ne, amma abin da mai masaukinka ya roƙa, ka fito masa da shi tun a bakin ƙofa. Hausawa sun riga sun faɗa: ramin ƙarya ƙurarre ne.