Inda Za A Binne Mabiyiya

Tun da aka daina sayar da ƙasa tare da ginin da ke kanta, rancen gida ya koma iri biyu. Ma'aikaciyar banki ta ajiye wa Nafi'u da matarsa Larai takardu biyu.

"Na shekara talatin, ɗakunan ne kawai naku, ba ku da ikon tona ko ramin shuka. Na shekara tamanin kuwa har da ƙasar."

Larai, mai cikin wata takwas, ta ce, "To a na talatin, ina za a binne mabiyiya in na haihu?"

"A asibiti ake ƙone ta, Hajiya."

"Ba a taɓa yi ba a danginmu. Malam, mu ɗauki na tamanin."

Nafi'u ya jawo takardar, ya ga gurbin sa hannu uku. "Mu biyu ne. Na ukun fa?"

Ma'aikaciyar ta dubi cikin Larai. "Na wanda zai ƙarasa biya ne. Ranar suna muke zuwa da tawada, kafin wanzami. Ɗan yatsa kawai ake dangwalawa, ko farkawa ba ya yi."

Larai ta daɗe dafe da cikinta. Sannan ta jawo takardar shekara talatin.

Ta ce, "A ƙone."