Ɗibar Wuta a Gidan Ladiyo

Tun da aka kawo zoben nan da lantarki ke zagayawa cikinsa, ba ya raguwa sai an ɗiba, muka manta garwashi. Amma ɗibar wuta a maƙwabta tana nan, don can ake jin labari.

Na tarar da Ladiyo mai takaba ta kara nata zoben a kunne, ido a lumshe.

"Ladiyo, sam mini wutar girki."

"Iya, marigayi ne ya zuba wannan da hannunsa. Saura kaɗan."

Ba a hana maƙwabci wuta. Ta miƙo mini zoben. Na saurara, sai na ji siririn amo kamar mutum na barci a ɗaka.

"Ungo, 'yar nan. Na tuna yau azumi nake."

Da goro a bakina na faɗa.