Ƙa'ida Biyu, Babur Ɗaya

"Wallahi Barista, ko sisinka ba zan karɓa ba," in ji ɗan acaɓan, yana kakkaɓe masa kujera.

Lauyan ya dafe kai. Ɗazun nan ya ƙwato wa mutumin wannan babur a kotun Ajingi, ga shi yanzu babu abin hawa zuwa Gaya sai shi. Ofishinsu na kare marasa ƙarfi kuwa ba ya wasa: kuɗin mota sai da rasit ake mayar wa lauya, kyauta daga wanda ya tsaya wa kuma tana iya cin aikinsa. Bara an sallami wani saboda zabi biyu.

"Malam, ka rufa min asiri ka caje ni. Rasit kawai za ka rubuta, ofis ne zai biya."

"In caji wanda ya share min hawaye? Da wane ido zan kalli mahaifiyata?"

"Ƙa'idarmu ta hana kyauta."

"Tawa ta hana karɓa."

Lauya ya saɓi jakarsa ya kama hanya a ƙasa. Ɗan acaɓa ya bi shi yana tura babur. Rana ta take, baƙar kwat ta jiƙe sharkaf, babu mai niyyar sassautawa.

A bakin gari wani mai sayar da fetur ya hango su, ya zaci mai ne ya ƙare. Ya rugo da galan, baki har kunne.

"Barista! Ba ka gane ni ba? Ai kai ka fito da ni daga gidan yari! Ku zuba, kyauta ne!"