Mayafin Dije

Tun da aka farfaɗo da tsuntsun nan mai suna dodo, wanda jinsinsa ya daɗe da ƙarewa, hukuma ta ba kowane gida tsuntsu ɗaya ya kiwata. Na Malam Tanimu ɓarawon takalma ne, kuma ba ya cin gwanda sai daga hannun Dije, matar Malam. Da ta rasu, ya daina ci.

Ranar rabon kayanta, 'yarsu Lantana ta tarar da mahaifinta tsugune, lulluɓe da mayafin marigayiyar, yana miƙa wa tsuntsun gwanda.

"Baba, mayafin nan fa na sadaka ne."

"Sassauta murya, 'yar nan. Shi sun iya dawo da shi, uwarki ba su iya ba. Bar shi ya zaci ita ce."

Tsuntsun ya daɗe yana kallon mayafin, sannan ya buɗe baki.