Lamba a Damtse

Ƙarƙashin gawon bakin kasuwar Tamaske, iska ta ɗaga hannun rigar Alƙasim, sai budurwarsa Cima ta ga ɗanyen tabon lamba a damtsensa.

"Rigakahin cutar shawara! Abijan za ka, inda ta kashe wana, ka ɓoye mini?"

Ya sunkuyar da kai. "Tsoron hawayenki na ji."

"Hawaye? Matsoraci! Tun ranar da ka bi layin gidan likita na sani."

Ta janye mayafinta. Ga irin tabon a damtsenta, ja kamar garwashi.

"Ba ni zaman jiran gawa. Ka turo magabatanka wurin baba yau, mu tahi tare. In ba haka ba, kada bakinka ya sake taɓa sunana."